Ciwon Da Aka Ce Lalaci Ne, Majinyata Suka Yi Masa Karo-Karo

Ɗan'uwa mai karatu, da yau bayan an idar da sallah za a miƙo maka kwano a ce jefa wani abu za a haƙa rijiya, na san ba za ka yi nauyin hannu ba. To amma da za a ce kuɗin nan wasu masana za a bai wa su shekara biyar suna nazarin jinin marasa lafiya, kuma ba a yi maka alkawarin za su gano komai ba, anya hannunka zai shiga aljihu? Ni dai na ce ya kamata ya shiga. Hujjata kuwa ita ce abin da ya faru da wasu bayin Allah a Ingila da Amurka da Norway, waɗanda suka tara wa ciwonsu kuɗin bincike alhali suna kwance a kan gado.

Likitoci suna kiran ciwon ME, wasu kuma su ce ciwon gajiya mai naci. Wannan suna na gajiya shi ne ya fara cutar masu shi, domin duk wanda ya ji sai ya ce ai kowa ma yana gajiya. Alhali ba gajiyar lebura ba ce wadda barcin dare ɗaya ke wankewa. Mutum ne zai yi ɗan abu, wanka ko hawa matakala ko doguwar hira, sai bayan kwana ɗaya ko biyu jikinsa ya rushe, ya yi kwanaki ko makonni bai farfaɗo ba. Barci ba ya wartsakar da shi, tunani ya dushe, tsayuwa ta kawo jiri. Sau da yawa yakan biyo bayan wani zazzaɓi ne, kuma ya fi kama mata. Waɗanda ya yi wa tsanani a ɗaki mai duhu suke rayuwa, don haske da ƙara azaba ce gare su. A 2021 wata budurwa 'yar shekara 27 ta rasu a garin Exeter na Ingila, kuma binciken hukuma na 2024 ya tabbatar rashin abinci a jiki ne ya kashe ta, wanda ciwon nan ya jawo.

Ba sabon abu ba ne. A 1955 ya kwantar da ma'aikata kusan 300 a asibitin Royal Free da ke Landan, har aka rufe asibitin na wani lokaci. A 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Amma shekara ɗaya bayan haka wasu likitocin tabin hankali biyu, waɗanda takardun asibiti kawai suka duba ba majinyatan ba, suka rubuta cewa firgici ne ya kama taron mata. Wannan magana ta zauna daram a kan hukumomi shekaru da dama. Wa zai zuba dukiya a binciken abin da aka riga aka yanke cewa raki ne?

Dubi yadda aka yi da ɗan abin da aka ware ma. A 1999 mai binciken kuɗi na gwamnatin Amurka ya gano cewa daga kuɗin da aka ware wa hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC domin wannan ciwo tsakanin 1995 da 1998, Dala miliyan 12.9 ko dai an karkatar da su zuwa wasu cututtuka, ko kuma babu takardar da ta nuna inda suka shiga. A 2015 wani kwamitin manyan masana ya ƙiyasta cewa Amurkawa 836,000 zuwa miliyan 2.5 ne ke fama da ciwon, a lokacin da babbar cibiyar binciken lafiya ta ƙasar ke kashe masa Dala miliyan 5 zuwa 6 a shekara. Raba ka gani, 'yan daloli ne ga kowane mutum.

Na Ingila ya fi ban takaici, domin can an kashe kuɗin, amma a kan me? Fam miliyan 5 aka zuba a wani gwaji mai suna PACE, kan mutane 641, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 2011. Cikin masu biya har da ma'aikatar da ke ba naƙasassu alawus, kuma mai hankali ya san abin da irin wannan ma'aikata ke fatan ji. Aka ce maganin shi ne a gyara wa majinyaci tunani, a kuma riƙa ƙara masa motsa jiki sannu a hankali, daga baya har aka ce kashi 22 cikin 100 sun warke. Sai wani majinyaci ɗan Ostareliya, Alem Matthees, ya nemi a fito da ainihin alƙaluman. Jami'ar da ke riƙe da su ta ƙi, ta kashe wa lauyoyi sama da Fam 200,000, amma a 2016 kotu ta ce a fitar. Da aka sake lissafi da ma'aunin da masu gwajin suka sa wa kansu tun farko, sai 22 ta koma 7 ga masu gyaran tunani, 4 ga masu motsa jiki, 3 kuma ga waɗanda ba a yi wa ko ɗaya ba. Ashe an sassauta ma'aunin ne bayan an fara aiki. Sai a 2021 hukumar tsara ƙa'idojin magani ta Ingila ta janye shawarar ƙara motsa jikin nan, bayan majinyata sun yi shekaru suna kukan yana ƙara kwantar da su.

To ɗan'uwa, wanda aka yi wa haka me ya rage masa? Sai ya dubi aljihunsa. A 2011 ƙungiyoyin agaji na majinyata a Birtaniya suka haɗa kuɗi aka buɗe rumbun ajiyar jinin masu ciwon a wata makarantar likitanci a Landan, don duk masanin da ke son bincike ya sami abin da zai duba. A Amurka aka kafa gidauniyar Open Medicine a 2012, ta ɗauki nauyin aikin Farfesa Ron Davis na jami'ar Stanford, masanin ƙwayoyin gado wanda ɗansa na cikinsa ciwon ya kwantar. A 2018 wani mutum da ya ɓoye sunansa ya ba gidauniyar Dala miliyan 5 a kuɗin intanet na Bitcoin. Kyautar mutum guda ke nan ta kusa kamo abin da gwamnati ke bayarwa a shekara a wajen 2015.

Amma labarin Norway shi ne ya fi tsaya mani a rai. Wasu likitocin sankara biyu a garin Bergen sun lura cewa wani maganin sankara mai suna rituximab kamar yana tayar da masu ME. Babu kuɗin babban gwaji. A 2013 wata likita, Maria Gjerpe, wadda ita ma ciwon ya taɓa kwantarwa, ta buɗe asusu, cikin kwana 90 jama'a suka tara kusan Kurona miliyan 3. Hukuma ta shigo daga baya, aka gwada a kan mutane 151. A 2019 sakamako ya fito: maganin bai fi ruwan da babu magani a ciki ba.

Mai gaggawa zai ce an yi asara. Ni ban yarda ba. Kafin sakamakon nan akwai waɗanda ke biyan maƙudan kuɗi a asibitoci masu zaman kansu a ɗura musu wannan magani mai raunana garkuwar jiki, bisa tsammani kawai. Kuɗin karo-karon nan ne ya taimaka aka rufe wannan ƙofa. Kuma likitocin da suka fi kowa son abin ya yi aiki su ne suka fito suka ce bai yi ba. Kwatanta wannan da waɗanda sai da kotu ta ɓamɓare musu hannu.

Akwai masu cewa karo-karo yana sauke wa hukuma nauyin da ke wuyanta. Wannan tsoro yana da tushe, kuma bai kamata a yi wasa da shi ba. Da cutar korona ta bar miliyoyin mutane da alamomi masu kama da waɗannan, majalisar Amurka a Disambar 2020 ta ware Dala biliyan 1.15 a zama ɗaya. Ke nan kuɗin suna nan, niyya ce babu. Duk gidauniyoyin nan a haɗe ba su kai ko kusa da wannan ba, ba kuma za su kai ba. Aikinsu shi ne su riƙe masanan da suka ƙi gudu, su tara hujjar da za ta sa mai mulki ya rasa bakin musu. Ala ayyi halin haka ta faru a Birtaniya: da matsin majinyata da ƙungiyoyinsu, a 2020 hukumomi suka ba da Fam miliyan 3.2 ga jami'ar Edinbara domin binciken DecodeME. Mutane suka riƙa tofa yawu a kwalba daga gadonsu suna aikawa ta gidan waya. A Agustan 2025 aka sanar da sakamakon farko kan mutane sama da 15,000: an sami wurare takwas a ƙwayoyin gadonsu da suka bambanta da na sauran jama'a, wasu sun shafi garkuwar jiki, wasu jijiyoyi. Ba magani ba ne tukuna, amma mai cewa lalaci ne yanzu sai ya yi bayanin yadda lalaci ya shiga jini.

Mu matasa kuwa, bakinmu yana da saurin cewa wane rago ne. In ɗan'uwa ko ƙanwa ta yi zazzaɓi ta kasa komawa daidai watanni, a kai ta asibiti a duba maleriya da ƙarancin jini da tarin fuka da ciwon suga da makamantansu, kada a ce sammu ne ko shagwaɓa, kada kuma a tilasta mata aiki da sunan ta ware jiki. In kuma an miƙo kwanon bincike, ka tambayi wa zai riƙe kuɗin, kuma ko za a faɗi sakamakon in bai yi daɗi ba. Mutum 15,000 ɗin nan na Edinbara da aka fara nazari a kansu duk masu asalin Turai ne. Na baƙar fata sai an sami wanda zai biya a duba.