Ruwa ba ya tsami banza: me kare yake nema idan yana siririn kuka?



Kare ya daɗe yana yi mana aiki. Mafarauci na shiga daji da shi, makiyayi na bar masa gadin garke, a birane kuma gidaje da yawa sun ajiye shi don tsoron ɓarayi, wasu ma don sha'awa kawai. Amma duk wanda ya yi maƙwabtaka da mai kare ya san wani sauti da ya fi haushi hana barci, wato siririn kukan nan da kare ke ja ta hanci kamar yaro mai shagwaɓa, har asuba. Abin da aka saba yi masa shi ne jifa ko sanda, ko a ce aljanu ya gani, a juya kwanciya. A ganinmu duka biyun ba su taɓa matsalar ba. Wannan kuka roƙo ne, kuma haƙƙin wanda ya ajiye dabba ne ya gano abin da take roƙo kafin ya nemi ta yi shiru.

Ana haihuwar kwikwiyo ba ya gani ba ya ji, idonsa ba ya buɗewa sai bayan kwana 10 zuwa 14. A wannan lokaci kuka ne kaɗai hanyarsa ta kiran uwa idan sanyi ko yunwa ta dame shi. Shi ya sa kukan ya bambanta da haushi, wanda gargaɗi ne ga baƙo, da gurnani, wanda barazana ce. Idan mai gida ya maye gurbin uwa, shi ake yi wa roƙon. Kwikwiyon da aka raba da uwarsa kafin ya cika mako 8 kuwa, kukansa yakan fi yawa.

Don haka jiki za a fara dubawa. Karen da ba shi da hayaniya, sai kwatsam ya fara kuka yana ɗingishi, ko ya ƙi abinci, ko yana kaɗa kai yana sosa kunne, ciwo ne ke cin sa. Yana iya zama ƙaya ce a ƙafa, ko kaska, ko ƙuma, ko tsutsar ciki. Wannan aikin likitan dabbobi ne. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, domin irin su ibuprofen na iya lalata masa ciki da ƙoda. A kuma tuna cewa kare ba ya gumi a duk jiki kamar mu, da haki yake rage zafi. Wanda aka ɗaure da sarƙa a kan siminti cikin ranar Afrilu, babu inuwa babu ruwa, ransa yake roƙo. Haka nan kare ba ya son yin kashi ko fitsari a inda yake kwana, kwikwiyo ɗan wata 2 kuma ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa biyu zuwa uku.

Akwai gaɓa ɗaya da ba a wasa da ita. Idan muryar kare ta canja, yana dalalar da yawu, ya kasa haɗiya, ko yana kai cizo ga duk abin da ya gani, a yi nesa da shi, a tsare yara, a kira likitan dabbobi, domin yana iya zama ciwon haukan kare. Ana fara yi wa kare allurar rigakafi tun yana wata 3, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana haɗa ta. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya wuce asibiti nan take.

Idan jiki lafiya, sai a duba tsoro da kaɗaici. Tsawar damina da ƙarar nokawut na ƙarshen shekara na firgita karnuka sosai, duka kuma tsoro yake ƙara musu. Abin da ke taimako shi ne lungun da zai ɓuya. Wanda ke kuka da zarar mai shi ya fita, a riƙa barin sa na 'yan mintuna ana dawowa, ana ƙara lokacin a hankali. A kuma riƙa kwance shi kullum ya yi gudu, domin karen da ya gaji barci yake yi.

Mun san za a ce ai karen gadi ne, sai an ɗaure shi an bar shi da yunwa yake yin zafi. To amma karen da ke kuka kowane dare, mutanen gida sukan saba har su daina jin sa. Daren da ɓarawo ya hauro katanga, wa zai farka? Amfanin mai gadi shi ne idan ya yi magana a tashi.

Sai nau'i na ƙarshe, kukan da gida ya koya wa kare. Ana cin abinci, ya zo yana kuka, wani ya jefa masa ƙashi don ya yi shiru, shi ke nan ya gane cewa kuka na kawo ƙashi. Masanin halayyar nan na Amurka, B. F. Skinner, da abokin aikinsa Charles Ferster sun wallafa bincike a 1957, galibi a kan tantabaru, wanda ya nuna cewa ɗabi'ar da ake saka wa da lada jefi-jefi ta fi wuyar bari a kan wadda ake saka wa kullum. Ke nan idan an hana shi sau tara aka ba shi a na goma, naci aka koya masa. Ko tsawatarwa ma kulawa ce a wurin karen da ba mai kula shi.

Maganin wannan sai gida ya haɗa kai, har da yara. A tsayar da lokacin abinci. Idan yana kuka, kada a kalle shi, kada a yi masa magana. Da ya yi shiru na 'yan daƙiƙu, a yaba masa, a ba shi abin da yake so. A kwanakin farko kukan zai ƙaru kafin ya ragu, a nan ne kuma yawancin mutane ke karaya.

Roƙonmu shi ne kada a juya wannan jeri. Yin biris da kare magani ne ga mai shagwaɓa kawai, ga mai ciwo ko ƙishirwa kuwa zalunci ne. A fara da lafiyarsa da ruwansa da inuwarsa, sannan tsoronsa, sannan tarbiyya. Wanda ba zai iya ɗaukar wannan ɗawainiya ba, gara ya haƙura da ajiye kare, ya huta, maƙwabta su huta, dabbar ma ta huta.

Allah ya ba mu ikon sauke amanar abin da ke ƙarƙashinmu. Sai wani makon.