A BAR MU MU BUƊE CIKIN KWAMFUTA



Mu 'yan ƙungiyar kwamfuta muna da magana da muke so mu kawo gaban hukumar makaranta da iyayenmu da dattawan ikilisiya. A zangon da ya wuce wani tsohon ɗalibi ya aiko mana da katin hoto, wato ɗan allon nan da ke ɗauke wa kwamfuta nauyin zane da bidiyo. Har yau yana cikin kwalinsa a ofis, domin wasu sun ce a jira injiniya, kada yara su yi ɓarna. Mu kuwa a ganinmu, ɗalibai ya kamata su sa shi da hannunsu, malami yana tsaye a kansu.

Aikin ba tsafi ba ne. Da farko a kashe kwamfuta, a zare wayarta daga bango, a kwance murfin gefe. A kan babban allon ciki akwai wani dogon gurbi mai suna PCI Express, wanda ya fito a 2003 ya gaji AGP. Nan ake dasa katin a hankali har makulli ya kama, sannan a ɗaure shi da sukuru. Gurbin wat 75 kaɗai yake bayarwa, saboda haka katin da ya fi haka cin wuta sai an jona masa waya mai haƙori 6 ko 8 daga akwatin wuta. Daga nan a mai da wayar allon kallo jikin sabon katin, a sa masa direba, wato shirin da ke sa kwamfuta ta gane shi.

Masu jin tsoro suna da gaskiyarsu. Da hunturu, jiki yakan tara wutar nan da ke tartsatsi in mutum ya tuɓe rigar sanyi, ita kuwa ta isa ta kashe kati. Maganinta shi ne a taɓa ƙarfen akwatin tukuna, a kuma riƙe katin ta gefe. Da bazara zafin Birnin Kebbi yakan wuce digiri 40, ga ƙura tana toshe fanka, ga wuta tana hawa da sauka. Amma ta yaya za mu koyi kiyaye waɗannan in ta taga kawai muke leƙe?

Ba cewa muke yi a saya wa kowace kwamfuta kati ba. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, amma gwajinta ba ya bukatar katin hoto. Guda ɗaya ta ishe mu gyara hotunan wannan mujalla da bidiyon ƙungiyar mawaƙa, aikin da muke kaiwa shago muna biyan kuɗi.

Ɗalibin da ya saba da cikin kwamfuta tun yanzu ba zai zama baƙo ba in ya shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi. Wanda bai samu ci gaba da karatu ba kuma, ya sami sana'ar riƙe kansa a nan Badariya ko a Argungu.

Mu tuna da misalin talanti a Matiyu sura 25. Bawan da aka tsauta wa bai saci kome ba, binne abin da aka ba shi ya yi saboda tsoro. Don haka muna roƙon shugaban makaranta ya sa mana rana, a fito da katin nan daga kwali.

Allah ya yi mana jagora. Amin.