Naƙuda ɗaya, hutu daban-daban

A Sakatariyar Tarayya da ke Abuja, mata biyu za su iya haihuwa a mako guda, ɗaya ta koma bakin aiki bayan watanni, jaririnta ya fara ƙwari, albashinta bai yi ciwon kai ba. Ɗayar kuma ta dawo da zarar ta yi arba'in, ko ma kafin nan, tana fargabar kada a miƙa wa wata tsintsiyarta. Ta farko jami'a ce da sunanta ke cikin tsarin biyan albashi na IPPIS. Ta biyu ma'aikaciyar kamfanin da aka ba kwangilar share ofisoshi ce. Matakala ɗaya suke hawa kowace safiya, amma doka ba ta yi musu kallo ɗaya ba.

Bari mu fara da abin da ke rubuce. Ƙa'idojin Aikin Gwamnati na tarayya sun ba ma'aikaciya mai juna biyu hutun kwanakin aiki 112 a jere da cikakken albashi. Idan ta dawo, tana da rangwamen awa biyu kowace rana har tsawon wata shida domin shayarwa. Maza ma an tuna da su: a watan Satumba na 2021 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin da matarsa ta haihu, kuma a watan Nuwamba na 2022 ofishin Shugabar Ma'aikata ta lokacin, Dakta Folasade Yemi-Esan, ya fitar da takardar aiwatarwa, bisa sharaɗin sau ɗaya cikin shekara biyu, kuma ga 'ya'ya huɗu kawai.

Wasu jihohi sun wuce tarayya. Legas ta kai hutun wata shida tun 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019, Oyo a 2020. Hujjarsu ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa a shayar da jariri nonon uwa zalla na wata shida, abin da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari na jariranmu ne kawai ke samu.

Da an fita daga inuwar gwamnati, sai lissafi ya sauya. Ma'aikaciyar kamfani tana ƙarƙashin sashe na 54 na Dokar Ƙwadago, dokar da aka gada daga mulkin soja na Janar Yakubu Gowon. Mako 12 ta tanada, shida kafin haihuwa, shida bayanta. Mako shida kwana 42 ke nan. Wato doka ta ƙara wa mai jego kwana biyu kacal a kan arba'in ɗin da kakanninmu suka daɗe da sanin cewa jiki bai gama komawa daidai ba kafinsa. Kuɗin da za a biya ta kuwa, mafi ƙaranci rabin albashi ne, shi ma sai ta yi wata shida a jere tana aiki a wurin. Ga wadda ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, rabi shi ne 35,000 a wata, a daidai lokacin da ga kuɗin asibiti, ga kayan jariri, ga ragon suna yana jira. Lokacin shayarwa kuma rabin awa ne sau biyu a rana. Mai zama a Mararaba ko Kubwa da ke aiki a Wuse ta san cewa rabin awa ko tashar mota ba zai kai ta ba.

Akwai wani giɓi da ba a cika magana a kansa ba. Ma'anar "ma'aikaci" a wannan doka ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru. Saboda haka akawun banki ko lauya a kamfani mai zaman kansa, abin da ke cikin takardar ɗaukarta aiki shi ne madogararta. A manyan kamfanoni takardar kan fi dokar karamci, wani lokaci har ta fi ta gwamnati. A ƙananan wurare kuwa sai abin da mai gida ya ga dama.

Hadimai ma suna da nasu yanayin, kuma na san da yawa daga masu karanta wannan shafi sun fi ni saninsa. Wadda muƙaminta ke rataye da wa'adin wanda ya naɗa ta, ko da takarda ta ba ta haƙƙi, sau da yawa roƙo take yi ba nema ba. Kujerar da aka bari wata huɗu a ofishin ɗan siyasa ba ta cika jiran mai ita ba.

Sai kuma mafi yawan matan ƙasar nan, waɗanda babu sashe ko ƙa'idar da ta ambace su. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya suna ɓangaren da ba shi da rajista ne: mai tuwo-tuwo, mai kitso, mai ɗinki, mai tallar kayan miya a kasuwar Utako. Hutunsu shi ne ranar da ba su fita ba, albashinsa kuma shi ne cinikin da suka rasa. Sashe na 54 masana'antu da wuraren kasuwanci da na noma ya ambata, bai shiga cikin gidaje ba. A nan ne maganar ta zo ƙofar gidanmu. Jami'ar da ta gama kwana 112 ta koma ofis, hannun wa take miƙa wa jaririn? Sau da yawa hannun mai raino ne, wadda idan nata cikin ya tsufa, sallama ce hutunta.

Duk lokacin da aka taso da wannan batu, kiran da aka fi ji shi ne a mayar da hutun wata shida ga kowa. Kira ne mai kyau, amma a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Matsalar ba ta tsaya a yawan makonni ba. Tushenta shi ne aljihun da kuɗin ke fita. A Najeriya, wanda ya ɗauki mace aiki shi kaɗai ke ɗaukar nauyin biyanta idan ta haihu. Gwamnati na iyawa, domin baitulmali ne ke biya. Banki na iyawa. Amma a duba mai ƙaramar makaranta a Nyanya da ke da malamai goma, takwas mata. Idan doka ta ce ya biya malama wata shida tana gida, sannan ya biya wadda za ta riƙe mata aji, ba zai fito ya yi jayayya da doka ba. Zai yi shiru ne, gobe idan amarya ta kawo takardar neman aiki ya ce babu gurbi. Ƙara tsawon hutu ba tare da sauya mai biya ba zai amfani waɗanda da ma suke cikin inuwa, ya ƙara rufe ƙofa ga na rana.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta hango wannan tuntuni. Yarjejeniyarta mai lamba 183 ta shekarar 2000 ta ce hutu kada ya gaza mako 14, kuɗin kada ya gaza kashi biyu bisa uku na abin da mace ke samu, sannan a biya daga inshorar al'umma ko asusun gwamnati, ba daga aljihun mai ɗaukar aiki shi kaɗai ba. Najeriya ba ta rattaba hannun amincewa da ita ba, kuma sashe na 54 ya gaza a dukkan ma'aunan uku. A Afirka ta Kudu hutun wata huɗu ne, doka ba ta tilasta wa mai kamfani ya biya ba. Asusun UIF ne ke biyan wani kaso na albashin, daga kashi ɗaya cikin ɗari da ma'aikaci ke zubawa da kashi ɗaya na mai ɗaukarsa aiki, mace ce ko namiji. Tun 2003 aka shigar da masu aikin gida cikinsa. Adashi ne, ba wani abu ba, kuma babu matar da ke buƙatar a koya mata yadda adashi ke aiki.

Muna da harsashin gina irinsa. Tun bayan dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, hukumar NSITF ke karɓar kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi daga masu ɗaukar aiki domin waɗanda suka ji rauni a bakin aiki. Hanyar tara kuɗin tana nan. Na san abin da za a ce: a ƙasar da aka sha shari'ar kuɗin fansho, wa zai yarda da sabon asusu? Tsoro ne mai tushe, kuma shi ya sa dole a rubuta wa'adin biya cikin dokar kanta, kuɗin ya tafi kai tsaye asusun mai jego. Haka kuma asusun ba zai kai ga mai tuwo-tuwo a shekarar farko ba. Ita sai an bi ta hanyar tallafin gwamnati a cibiyoyin lafiya na matakin farko. Wannan aiki ne na Majalisar Dokoki da Ma'aikatar Ƙwadago, zai kuma ɗauki lokaci.

Akwai dai abin da ba ya jiran majalisa. Tun sauye-sauyen da aka fara a 2003 zamanin Shugaba Obasanjo, gwamnati ta miƙa ayyuka irin su shara da gadi ga 'yan kwangila. Ma'aikatan tarayya ne ke rubuta sharuɗɗan waɗannan kwangiloli, su ne ke tantance kamfanoni, su ne ke sa hannu a biya. Babu abin da ya hana a ƙara sakin layi ɗaya: duk kamfanin da zai share ofishin gwamnati ya ba ma'aikaciyarsa hutun haihuwa daidai da na jami'ar da take share wa tebur, da cikakken albashi da tabbacin komawa aiki, a kuma sanya kuɗin cikin farashin kwangilar domin kada nauyin ya sake faɗawa kan mai kamfani shi kaɗai. A kan mafi ƙarancin albashi, wata huɗu naira 280,000 ne ga kowace mai jego. Duk wanda ya taɓa duba kasafin kuɗin tafiye-tafiye da tarukan bita na ma'aikatarsa zai iya auna wannan adadi da kansa.