Kifi ba ya karanta tambarin kamfani

Ranar 2 ga Yuni 1932, wani saurayi manomi mai suna George Perry ya shiga kwale-kwale a wani ƙaramin tafki da ake kira Montgomery a jihar Jojiya ta Amurka. Lokacin talauci ne, kuma abinci ya fito nema. Kifin da ya kamo ran nan ya kai kilo 10 da 'yan kai, aka auna shi, iyalinsa suka cinye. Har yau, a kundin hukumar da ke ajiye tarihin kamun kifi na wasa a duniya, wato IGFA, babu wanda ya ture shi a kan wannan nau'i na kifi. Wani Bajafane, Manabu Kurita, ya kamo makamancinsa a tafkin Biwa a 2009, amma ratar nauyin ba ta kai yadda doka ta tanada ba, sai aka ce sun yi kunnen doki.

Kifin shi ne bas mai faɗin baki, wanda Amurkawa suka fi so su kama da fatsa. Tsakanin 1932 da yau an gina masana'anta sukutum a kansa: sanduna, na'urorin naɗe zare, koton bogi iri dubu, jiragen ruwa da farashin sabo kan haura dala dubu 50, gasa da tashoshin talabijin. Ray Scott ya kafa ƙungiyar masu wannan kamu, B.A.S.S., a 1968, babbar gasarta ta shekara ta fara a 1971. Johnny Morris ya fara sayar da kayan fatsa a 1972 a wani lungu na shagon mahaifinsa a Misuri, daga nan aka samu Bass Pro Shops. Duk da wannan, saurayin da ya fita da kayan talaka bai sauka daga kujerarsa ba.

Ba ina nufin kaya ba su da amfani ba ne. Ra'ayina shi ne mafi yawan masu fara wannan wasa suna zaɓen kaya daga wutsiya zuwa kai, domin haka kasuwa ta jera musu su. Mai shago zai fara nuna maka na'urar naɗi, don ita ce mai tsada da ƙyalli, sannan sanda, sannan ya cika maka jaka da koto, zare kuwa sai a bakin ƙofa za a tuna da shi. Wanda ya san abin da yake yi daga ruwa yake farawa. Ruwa ne ke zaɓar koto, koto ya zaɓi zare, su biyun su zaɓi sanda. Na'ura ita ce ta ƙarshe.

Dalilin yana cikin halin kifin. Bas ɗan kwanton ɓauna ne. Ba ya son tsere mai nisa. Yana laɓewa gindin ciyawar ruwa, ko kututturen da ya nitse, ko ƙarƙashin gada, har abin ci ya gifta, ya buɗe wawakeken bakinsa ya zuƙe shi tare da ruwan. Yana gani, kuma yana jin motsin ruwa ta wani layi da ke gefen jikinsa, shi ya sa ko a ruwa mai dauɗa yake samun abinci. Idan sanyi ya wuce, ruwa ya fara ɗumi, yakan hau wuri marar zurfi ya yi ƙwai. Idan zafi ya tsananta sai ya koma zurfi ko inuwa. Saboda haka tambayoyin farko ba su da alaƙa da aljihu: ruwan garau yake ko gurɓatacce, zurfinsa nawa, me ke ƙarƙashinsa, kuma wane lokaci ne na shekara?

A nan koto yake shigowa, kuma a nan aka fi yi wa mutane wayo. Duk yawan abin da ke rataye a bangon shago, dangi ne 'yan kaɗan. Akwai tana ta roba mai laushi, wadda Nick Creme ya fara zubawa a gidansa a Ohayo a 1949. Ita ce uwar tafiya. Masuntan Tekzas suka fito da dabarar cusa tsinin ƙugiya cikin jikin robar, ta yadda za a ja ta cikin ciyawa da rassan itace ba ta maƙale ba, wato a kai ta har ɗakin kifin. Akwai ɗan kifin katako ko roba mai tauri, mai leɓe a gaba. Girman leɓen ne ke ƙayyade zurfin da zai nitsa idan ana ja. Asalin shahararren cikinsu ma talaka ne: Lauri Rapala, masunci a Finland, ya sassaƙa nasa a 1936 da ɓawon itace mai sauƙi, ya lulluɓe shi da takardar gwangwani, don ya kwaikwayi tangaɗin ƙaramin kifi mai rauni. Akwai mai faranti na ƙarfe da ke juyawa yana walƙiya yana kaɗa ruwa, wanda ya dace da ruwa mai duhu ko ranar iska. Akwai kan dalma mai gashin roba da ake tsalle da shi a ƙasan ruwa kamar ƙaguwa. Sai na saman ruwa, irin kwaɗon roba, wanda ake ja a kan ganye da asuba ko da almuru.

Launi fa? Kamfani ɗaya kan fitar da tana iri ɗaya a launuka da dama, kowanne da suna mai daɗi. Ƙa'idar da gogaggu ke bi gajera ce: a ruwa garau a sa launin da ya yi kama da halitta, kore mai duhu ko ruwan ƙasa; a ruwa gurɓatacce a sa baƙi ko shuɗi mai duhu, don inuwarsa ta fito. Sauran launukan, a ganina, mai saye suke kamawa. Wanda ya ƙware a dangi biyu ya fi wanda ya cika akwati da goma, domin kowane koto yana da nasa salon ja, da dakatawa, da jin cizo, kuma hannu ba ya koyon goma a lokaci guda.

Zare shi ne abin da aka fi raina wa, alhali shi kaɗai ne ya haɗa ka da kifin. Iri uku ne. Na nailan na gargajiya yana da arha, yana miƙewa, ba ya saurin nitsewa, yana yafe kuskuren ɗan koyo. Na biyu, wanda ake kira fulorokabon, yana nitsewa, kifi ba ya saurin ganinsa, yana jure gogar dutse, amma yana da taurin kai wajen ƙulli. Na uku kitsattse ne, siriri, mai ƙarfi, ba ya miƙewa ko kaɗan, yana yanka ciyawa, sai dai a ruwa garau yana fitowa fili. Mai jan kwaɗo a kan ganye yana bukatar kitsattse mai ɗaukar kilo 20 zuwa 30, ba don kifin ya kai haka ba, sai don zai fizgo shi ne haɗe da tulin ciyawa. Mai jefa ƙaramar tana a ruwa garau kuwa, zare mai ɗaukar kilo 3 ko 4 ya ishe shi. Ka ga koto ne ya yanke hukunci. Rana da tsufa suna cinye zaren nailan, kuma kifi da yawa da ake cewa “ya tsinke” tsohon zare ne ko mugun ƙulli ya sake su. Mutum ya sayi na'ura ta dala 300 ya naɗa mata zaren bara, ya yi gini ne a kan rairayi.

Sanda ana auna ta da abu biyu da mutane kan cakuɗa. Na farko ƙarfinta, wato irin nauyin da take ɗauka kafin ta rusuna. Na biyu wurin da take lanƙwasawa: a can tsini kawai, ko tun daga tsakiya. Bambancin ba na ado ba ne. Tana da kan dalma suna da ƙugiya ɗaya mai kauri, sau da yawa a ɓoye cikin roba, don haka sai an fizga da ƙarfi kafin ta huda bakin kifi. Wannan aikin sanda ce mai taurin baya da tsini mai saurin amsawa. Ɗan kifin katako kuwa ƙananan ƙugiyoyi masu baki uku gare shi, ba sa shiga da zurfi, kuma sanda mai tauri za ta yage su daga bakin kifin idan ya yi tsalle yana girgiza kai. Shi yana son sanda mai laushi da ke shanye fizga.

Wannan gaskiyar ce kasuwa ta miƙe ta har ta zama wai kowane koto sai da tasa sanda. A jirgin ɗan gasa za ka ga sanduna goma ko fiye a shimfiɗe. Shi yana da hujja: agogo na bin sa, minti biyun da zai ɓata wajen sauya ƙulli kuɗi ne, kuma galibi kamfanoni ne ke ɗaukar nauyinsa don kai ka gani. Ma'aikacin da ke da Asabar ɗaya a wata ba ya cikin wannan hali. Sanda guda mai tsawon kimanin mita 2 da ɗan ɗori, mai matsakaicin ƙarfi, mai lanƙwasa a tsini, za ta yi masa mafi yawan aikin. Ba za ta zama gwana a komai ba. Za ta isa.

Sai na'ura. Iri biyu ne manya: mai rataye a ƙarƙashin sanda, wadda zare ke kwararowa daga bakinta ba tare da ta juya ba, da mai zama a saman sanda, wadda gangarta ke juyawa yayin jifa. Ta biyun ta fi iya koto mai nauyi da zare mai kauri, ta fi saiti a hannun gwani, kuma ita ce ake gani a talabijin. Amma idan gangar ta fi zaren gudu, sai ya cukuikuye ya zama kamar sheƙar tsuntsu, kuma ɗan koyo zai iya ƙare safiyarsa yana warwara. Ta ƙasa ba ta da wannan fitina, kuma tana jefa koto marar nauyi da ta sama ba ta iyawa. An daɗe ana yi mata kallon kayan yara, amma 'yan gasa da kansu suna komawa gare ta idan ruwa ya yi garau kifi ya yi wayo. Lambar da ake rubutawa a jiki, misali 7.1:1, tana nufin sau nawa ganga ke juyawa a murɗa hannu ɗaya. Tsakanin 6 da 7 ya wadatar. Yawan ƙwallayen ƙarfe da ake tallatawa a kwali bai kai birkin na'urar muhimmanci ba, wato yadda take sakin zare sumul idan kifi ya ja da ƙarfi. Birki mai kakarewa shi ke tsinka zare.

Akwai abin da za a faɗa a madadin kasuwar, kuma ya kamata a faɗe shi. Tun 1950 dokar tarayya a Amurka ta ɗora haraji a kan kayan fatsa, kashi 10 cikin ɗari a kan yawancinsu, ana raba kuɗin ga jihohi don kula da ruwa da kifi. Da wannan da kuɗin lasisin da kowace jiha ke karɓa ake gyara mashigar jirage da kiwon 'ya'yan kifi. Wato mai almubazzaranci a shago yana ciyar da tafkin da kowa ke amfana da shi. Haka kuma gasar ce, tun farkon shekarun 1970, ta yaɗa al'adar kama kifi a sake shi da rai. Na yarda da duka biyun. Amma hujjoji ne na amfanin masana'antar ga jama'a. Ba su nuna cewa sanda ta huɗu za ta ƙara maka kifi ba. Masana'antar ma ta fara jin nauyin kanta: tun da Garmin ya fito da LiveScope a 2018, na'urar da ke nuna kifi yana iyo a allo kai tsaye, ake ta muhawara ko wannan kamu ne ko wasan kwamfuta, har manyan gasa suka fara taƙaita amfani da ita.

Wannan magana ta shafi mai karatu iri biyu. Wanda aiki ko karatu ya kai Hustan ko Atlanta, tafkunan bas na kewaye da shi, lasisi da sanda ɗaya da fakitin tana sun ishe shi farawa. Wanda kuma yake Kano ko Abuja, ya ga bidiyo a YouTube ya yi sha'awar yin odar kayan don Tiga ko Kainji, ya sani cewa bas kifin Arewacin Amurka ne, ba na kogunanmu ba. Kuma kada kowa ya yi mafarkin kawo shi. Japan ta shigo da shi a 1925, a 2005 ta sanya shi cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna saboda yadda ya cinye kifayen gida. A tafkin Biwa da Kurita ya yi kamunsa, doka ta hana mai da shi ruwa idan an kama.

Abin da za a ɗauka shi ne jerin tambayoyin, a yi su a kan namu kifayen. Giwan ruwa mafarauci ne kamar bas, yana son duwatsu da zurfi, yana kai wa ɗan kifin katako hari, amma girmansa wani abu ne daban: wanda aka kama da fatsa a tafkin Nasser na Masar a 2000 ya haura kilo 100. Ƙugiyoyin da ke zuwa a jikin koton bas miƙewa za su yi a bakin babba, sai an sauya su da masu kauri, an kuma ƙara guntun zare mai kauri a gaba saboda kaifin murfin kunnensa. Tsage kuwa haƙora gare shi kamar ƙusa, yana datse nailan nan take, ba a tunkararsa sai da guntun waya tsakanin zare da koto. Tarwaɗa da hanci da gashin baki take neman abinci, don haka tanar gaske ko hanjin kaza sun fi mata duk wata roba da aka yi a Ohayo. Inda giwan ruwa ke kwana a watan Maris, da inda yake komawa idan ruwa ya cika a Satumba, ba ya cikin littafin kowane kamfani. Sarkawan Yawuri da masuntan bakin Tiga ne suka sani, kuma kuɗin hayar kwale-kwalensu na yini bai kai na na'urar naɗi ɗaya ba.