Sabon inji ba sabuwar mota ba ne

Jama'a, duk mai bin motar kasuwa daga Kalfu zuwa Tawa ranar Lahadi ya san tsofaffin Land Cruiser da Hilux ɗin nan da ke kwasar mu da buhunan gero da albasa da awaki. Yawancinsu sun girmi yaran motar da ke lodinsu. To, yanzu abin da ake yayi shi ne a cire injin esansi a ɗora na gazuwal, mai mota ya dawo tasha yana cewa motarsa ta koma sabuwa. Ni dai ina da ja a kan wannan magana.

Ban ga laifin mai canja inji ba. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023, man bumburutu da muka saba samu da araha ta Konni ya yi tsada, kuma ba mu manta da layin esansi na watan Maris 2025 ba. Gaskiya ne litar gazuwal ta fi tsada, don ko a ragin da gwamnati ta yi a Yulin 2024 esansi ya koma sefa 499, gazuwal kuwa 618, amma litarsa ta fi nisan zango. Injin 1HZ mai silinda shida, wanda Toyota ta fara ƙerawa a 1990, ga ƙarfin ja cikin rairayi, ga shi makanikanmu sun san cikinsa.

Matsalar ita ce inji kaɗai ake saya. Burki na nan yadda yake, haka sifirin da giya da lagireto da tayoyi. Injin gazuwal ya fi nauyi, sai gaban mota ya danne. Sannan a motar esansi inji ne da kansa ke zuƙar iskar da ke tausasa burki, a ta gazuwal kuwa sai da wani ɗan famfo na musamman. In makaniki bai haɗa shi daidai ba, direba zai taka burki ya ji kamar dutse ya taka. Shi kuma da ya ji mota tana ja, sai ya ƙara buhu biyar da fasinja a sama. Hawan tudu lafiya lau, amma a gangaren duwatsun Adar wa zai tsayar da ita? Mata da goyo ne a bayan nan, tare da jarin da suka tara da adashi.

Saboda haka, Alhaji mai mota, in za ka kashe kuɗin inji, ware na burki da sifirin da taya tun farko, in ba su kai ba ka dakata. Kada ka biya sai an tayar da injin a gabanka, ka ga hayaƙinsa, ka karɓi rasit mai lambarsa, sannan ka je a gyara takardar mota ta nuna gazuwal take sha, don kada ranar tsautsayi kamfanin inshora ya sami hujjar zillewa.

Ku kuma iyayenmu mata da 'yan kasuwa, kuɗinku ne ke riƙe da motocin nan. In direba ya yi muku alfahari da inji, ku tambaye shi labarin burki. In lodi ya wuce ƙa'ida, ku sauka ku jira ta baya, kasuwa wani mako ma za ta ci. Shugabannin tasha su ma su sa ido. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya kiyaye hanya.