A Fara da Zango Kafin Otal a Duwatsun Nasarawa

Wanda ya tashi daga Lafiya da sassafe ya nufi arewa, kafin hantsi ya dubi ludayi zai tarar da duwatsun Eggon tsaye a gabansa. In ya kai Akwanga ya karkata zuwa Wamba, can ciki Farin Ruwa ne ke kwararowa daga gefen tsaunukan Filato, tsayinsa kimanin mita 150, ya ɗara na ruwan Biktoriya da duniya ke tururuwar gani. Tun da aka ƙirƙiro jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoba 1996 ake ta kirarin wannan albarka, kuma duk sanda zancen ya taso sai a koma kan manyan otal da masu zuba jari daga waje. A ganina an ɗauko abin ta wutsiya. Abin da matafiyi ke bukata tun farko shi ne zango: fili mai shinge a bakin gari, da rijiyar burtsatse, da bayan gida mai tsabta, da wurin salla, da masu gadi, inda zai ajiye motarsa ya kafa tanti ko ya shimfiɗa tabarma ya kwana hankali kwance.

Wasu za su ce kwana a mota ko a tanti al'adar Turawa ce. To, ai fatake kakanninmu ba su san otal ba. Ayarin da ke zuwa Gwanja neman goro, da wanda ke sauka Keana da Awe ɗaukar gishiri, duk a zango suke yada kaya, madugu na shugabanci, jagaba na nuna hanya. Mutanen gari su kawo fura da tuwo da itace da harawar jakuna, sarkin zango ya tsare amanar baƙo, kowa ya samu nasa. Da yawan waɗannan masaukai sun rikiɗe sun zama garuruwa da unguwanni, shi ya sa har yau ake da Zangon Kataf, ake da Sabon Zango a Accra. Mota ce kawai ta maye gurbin jaki.

Misali mafi kusa da mu yana ƙasar Azbin, a arewacin Nijar. A shekarun 1980, lokacin da tseren motocin Faris zuwa Dakar ke ratsa Agadas, baƙi sun riƙa ɗaukar motoci masu shiga rairayi suna zagaya duwatsun hamada, su kwana a Timiya cikin lambunan lemo da rumman, su wuce Iferwan, wasu su hau Bagazam da ƙololuwarsa ta haura mita 2,000. Ba wani katafaren gini aka yi musu a can ba. Direba ne ɗan ƙasa, da jagora, da mai dafa abinci, da maƙeran azurfa masu sayar da kayan ado, kuma kuɗin a hannun waɗannan mutane yake sauka kai tsaye. A 1991 UNESCO ta sa yankin Azbin da Tenere cikin kayan gadon duniya. Sai tawayen 1990 zuwa 1995 ya girgiza harkar, na 2007 zuwa 2009 ya sake karya ta, sace baƙi a Arlit a 2010 ya ƙarasa korar sauran. Duwatsun na nan inda suke, lambunan na nan, amma direbobi da jagorori da dama dole suka nemi wata sana'a. Abu biyu nake gani a wannan tarihi: harkar ba ta bukatar jari mai yawa kafin ta ciyar da talaka, kuma rana guda ta rashin tsaro kan rushe aikin shekaru.

Wannan ne ya kawo mu ga suka mafi nauyi, wadda ba zan raina ba. Wane mai hankali zai kwashi iyalinsa ya kwana a fili a zamanin garkuwa da mutane? Tsoron gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce a faka mota a daji a kwana yana wasa da rayuka. Amma zangon da nake nufi a jikin gari yake, da sanin hakimi da dagaci, da rajistar mai shiga da mai fita, da 'yan sanda da 'yan banga, da doka cewa ba a tafiya bayan magariba. Babban otal da aka dasa shi kaɗai a gindin dutse ma sai an tsare shi, kuma mutanen ƙauyen da ba su da kaso a cikinsa ba su da dalilin kwana ido biyu dominsa. Inda matar gida ke sayar wa baƙo doya da manja, saurayi ke karɓar ladan rakiya zuwa bakin ruwa, kowa a garin zai lura da baƙuwar fuska, domin abincinsa ne ake son taɓawa.

Akwai masu cewa tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 yawon buɗe ido ya zama na masu hali. Ai tsadar man ce ma hujjata: malamin makaranta da ba zai iya zuwa Obudu ko Yankari ba, zai iya haɗa kuɗi da abokansa su cika bas guda zuwa Wamba, musamman yanzu da aka tagwaita titin Keffi zuwa Makurɗi, kuma kuɗin masauki shi ne zango ke rage masa. Masu fargabar baɗala kuwa, amsarsu tana ga wanda ke riƙe da ƙofa. In al'umma ce ke tafiyar da wurin, ita za ta ware ɓangaren iyali, ta hana abin da ba ta yarda da shi ba.

Gwamnati a Lafiya ba sai ta jira mai kuɗi daga ƙetare ba. Ta gyara hanyar da ke shiga Farin Ruwa, ta gwada zango biyu a rani mai zuwa, ɗaya a Wamba ɗaya a Nasarawa Eggon, ta damƙa su ga masarautu da ƙungiyoyin matasan wurin, a riƙa liƙa lissafin kuɗin shiga a ƙofa kowane wata.