Kwana Shida Na Kasuwa, Ɗaya Na Mai Kasuwa

Maganarmu ta yau ba ta farashin gero ba ce.

Kalmar Asabar daga Larabci muka aro ta, asalinta ɗaya da sunan ranar hutun Yahudawa, waɗanda ba su saye ba su sayarwa tun faɗuwar rana ran Juma'a har almurun Asabar. Maƙwabtanmu Kiristoci na Sabon Gari kuwa, ran Lahadi sai ka tarar da shagunansu da kwaɗo. Litinin su buɗe, ba mu ga wanda ya karye saboda haka ba.

Mu fa? Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Dambatta, sauran kwanaki Dawanau. Mun sani shari'a ba ta ɗora mana hutun yini guda ba, ciniki ta hana daga kiran sallar Juma'a har a idar. Amma ba ta ce mu kashe kanmu ba. Bara yaronmu ya yi kwana 20 bai huta ba, ya ƙirga buhun dawa 40 ya rubuta 50. Sai da dattawa suka shiga tsakani kana abokin cinikinmu na shekara goma ya sake amsa mana sallama. Ba sata ba ce wallahi, gyangyaɗi ne.

'Yan dako za su ce ran da ba a ɗauki buhu ba tukunya ba ta hawa murhu. Gaskiyarsu. Don haka tun Muharram muke rufe rumfa duk Juma'a, muna ba namu rabin ladan yini daga aljihunmu.